Premier ko Ludwig: yadda za ka gane tsohon saitin gangunan baduju

Wani ɗan'uwa daga Mabera, nan Sakkwato, ya tambaya game da tsohon saitin gangunan baduju da aka yi masa tayi. Guda huɗu ne: babbar ta ƙasa, ƙarama ta samanta, ta gefe mai ƙafafu, da mai waya a gindi. An rubuta sunan kamfanin Ludwig a fatar gaban babbar, amma tambarin jikin kango ya ɓace, kuma wani ya ce masa Premier ce.

Malam, fara da manta rubutun fatar nan. Fata kamar riga ce, ana canza ta, kuma kowa na iya manna mata suna. Shaidar tana jikin ƙarfe da cikin kango.

Kamfanin Ludwig na Amurka ne, an kafa shi a Cikago a 1909. Premier na Ingila ne, ya fara a Landan a 1922, daga baya ya koma yankin Lesta. Kasancewar kayan badujun soja da na 'yan sanda da na makarantu a ƙasar nan daga Ingila aka fi kawo su a da, in aka ce mu yi hasashe kafin mu gani, Premier za mu ce. Amma hasashe ba hujja ba ne, ga abin dubawa.

Dubi kan kusoshin da ke ɗaure fata. Na Ludwig kansu mai kusurwa huɗu ne, makullin ganga na yau yana kama su. Na tsohuwar Premier kansu tsagagge ne, irin wanda sukundireba ke shiga. Wannan kaɗai yakan raba gardama, sai dai in an sauya kusoshin. Sannan gidajen da kusoshin ke shiga: a yawancin Premier na shekarun 1960 dogo ne guda ɗaya, ya miƙe daga sama har ƙasan kango. A yawancin Ludwig gajeru ne, na sama daban na ƙasa daban. Zoben da ke danne fata ma ya bambanta, domin na Premier zubi ne, mai kauri da nauyi, na Ludwig kuwa lanƙwasasshen ƙarfe ne marar nauyi. Farin ruwan ƙarfen Premier yana da ƙarko ƙwarai, sau da yawa ƙura ce kawai ta dusashe shi.

Yanzu kwance fata ɗaya ka haska cikin kangon da tocila. Duka biyun, na shekarun 1960, falle uku ne na katako da aka manne, da zoben katako a kowane baki don ƙarfi. Ludwig na farkon shekarun 1960 zuwa wajen 1968 an shafe cikinsa da farin fenti. Bayan nan aka bar katakon fili da man ƙyalli, sai kuma a cikin shekarun 1970 aka koma fenti ruwan toka mai ɗigo-ɗigo. Abin da ya fi daraja shi ne hatimin kwanan wata da sukan buga a ciki da tawada ja ko baƙa. Kada ka sa ruwa ko tsumma a wurin, gogewa ɗaya ta isa ta tafi da shi. Lambar jikin tambari, wadda suka fara sawa wajen 1964, ba ta kai hatimin aminci ba, saboda ma'aikata ɗiban tamburan suke yi ba bi da bi ba. Ko da tambarin ya faɗi, duba inuwar da ya bari kewaye da ƙofar iska: na shekarun 1960 ƙarami ne mai faɗin kai da tsukakken gindi, wanda ya gaje shi daga 1969 kuwa, mai shuɗi da kore, karkatacce ne. Premier ba ta da wannan hatimi a al'ada, da awo ake kusantar shekarunta.

Awon nan ne inda mutane ke asarar kuɗi. Kafin wajen 1968, wasu gangunan Premier ba su bi ma'aunin Amurka ba. Wadda ake kira inci 12 fatar da take so inci 11 da 7/8 ce. Ta gefe da ake kira 16 tana son 16 da 5/16, babbar da ake kira 20 kuma 19 da 5/8. Sakamakon haka fatar roba ta zamani mai inci 16 ba za ta shiga ba sam, ta 20 kuma za ta yi sako-sako, zobe ya ƙi zama. Kada ka buga da guduma, kada ka bari kafinta ya kankare kangon. Kamfanin Remo yana yin fata ta wannan tsohon awo, sai dai oda ake yi. Mu a nan muna da wata mafita: kafin fatar roba ta bazu daga 1957, da ɗanyen ƙirgin maraƙi ake rufe waɗannan ganguna. In tsohon zoben fatar yana nan, mai haɗa ganga zai iya jiƙa ƙirgi ya naɗe shi a kai. Ka dai gaya masa ba jemammiya kake so ba, kuma ka riƙa sassauta kusoshi da hunturu, don bushewa na ɗame fata har ta tsage. Ludwig ba ta da wannan matsala, fatar kanti tana hawanta, ko da yake wani lokaci da ɗan matsi.

Akwai na uku da ya kamata ka yi zargi: kwaikwayon Japan na shekarun 1960 da 1970, waɗanda kamfanonin Pearl da Star suka yi da sunaye barkatai. Katakonsu ja-ja ne mai taushi da manyan ƙofofi, jijiyarsa sau da yawa a tsaye take maimakon ta zagaye kango, kuma gangar ba nauyi. Suna kaɗuwa, amma kada a karɓi kuɗin Ludwig a hannunka a kansu.

Ko wacce ce, zafin Sakkwato da bushewar hunturu sun riga sun taɓa ta. Gam yakan bushe, zoben ciki ya saki, rigar roba ta waje ta tsuke ta buɗe a mahaɗa. Auna faɗin baki ta wuri uku; in bambancin ya wuce milimita 3, kangon ya karkace kuma ɗaurin fata zai wahalar. Kifa bakin a kan gilashi, ka sa tocila a ciki: inda haske ya ɓullo, nan ya lotsa. Ƙwanƙwasa kango da yatsa, in ka ji fanko ko gari ya zubo, gara ko ƙwaro sun ci. Zoben da ya saki ana gyara shi da farin gam na kafinta, a matse awa 24. Ƙarfe kuma a goge shi da takardar alminiyam da aka jiƙa da ruwa, ban da toka, yashi da soson ƙarfe.

A kasuwar masu tara tsofaffin kaya Ludwig ta shekarun 1960 ta fi tsada, amma ƙarin huji a kango ko sabon fenti yana karya farashin kowacce. In kaɗawa za ka yi, Premier mai lafiyayyen kango ta fi mana Ludwig da gara ta taɓa. Kafin ka biya, tafi da tef, tocila da sukundireba, ka nemi mai ita ya bari ka kwance fatar ta gefen nan ka auna.