Talabijin, majigi ko kwamfutar hannu: wanne za a saya wa ɗakin awo?

Wata 'yar ajinmu da ke riƙe da ƙaramin asibiti a wajen Dukku ta kira ni makon jiya. Kwamitin unguwa ya tara musu ɗan kuɗi, tana neman shawarar abin da za ta saya don koyar da mata ranar awo da ranar rigakafi. Na ce mata, "Ƙawata, kafin ki shiga kasuwa, fara duba bencinki tukuna."

Wanda ya yi aiki a Gombe ya san me nake nufi. A benci ɗaya ga Bafillatana daga ruga wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa da cinikin nono ba, ga 'yar Tangale da aure ya kawo daga Billiri, ga mai jin yaren Tera. Wata ta yi boko, wata ajami kawai take karantawa, wata ko ɗaya babu. Duk na'urar da ba za ta yi wa kowacce magana da harshenta ba, ado ce.

Fosta dai tana da kyau a bango, amma rabin masu kallonta hoton kawai suke gani. Majigi sai da duhu da janareto, mu kuwa da hantsi muke awo. Talabijin ta ɗan fi su, sai dai harshe ɗaya take yi wa ɗaki guda, ba ta jiran tambaya, kuma da an ɗauke wuta ta zama madubi.

Ni kam kwamfutar hannu nake so, irin mai inci 10, da ƙaramar sifika mai caji. (Ba na ce mata tabilet a wurin aiki, don ranar da na faɗa, Panadol aka miƙo mini.) Abin da ya sa na riƙe ta shi ne ana dakatar da ita. Ana nuna haɗin ruwan gishiri da sukari na gudawa, ƙulli ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, sai in tsayar da bidiyon, in miƙa gora ga uwar yaro in ce ta gwada mini. A nan nake gane wadda ta ji da wadda kunya ce ta sa ta gyaɗa kai. Maganin zinc da ake bai wa yaro mai gudawa kwana 10 zuwa 14 ma haka, da allurar sati 6, 10, 14 da ta ƙyanda a wata 9. Mun ɗora hotuna a fuskar na'urar, mace ta taɓa hoton da yatsarta, murya ta fito da Fulatanci ko Hausa. Ba a bukatar data, komai yana ciki. Sannan ina tura gajeren bidiyon wayar maigida ta Xender ko Bluetooth, tunda sau da yawa shi ne mai cewa a dawo ko kada a dawo.

Sai dai fa kasuwar cike take da 'yan damfara, kuma ni sun dafa ni. Na taɓa sayen memori a wani shago, an rubuta 64GB ɓaro-ɓaro, kuɗin kuma ya yi sauƙi har na ji daɗi. Sati uku muka yi da wata tsohuwar ungozoma tana naɗa mana bayanin alamomin haɗari ga mai ciki da Fulatanci: zubar jini, kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani, jijjiga. Ranar awo na danna, shiru. Sunayen fayil suna nan, cikinsu wayam. Ashe an yi wa memorin dabara ne yana nuna girman da ba shi da shi, abin da ya wuce ainihin cikinsa sai ya lalace. Na koma wurin tsohuwar a sanyaye, ta ce, "Ba komai 'yata, bakin yana nan." Amma ni na san kunyar da na sha.

Saboda haka duk memorin da ka saya, cika shi maƙil da bidiyo, sannan ka buɗe na farko da na ƙarshe kafin ka ɗora masa aikin gaske. Kuma ka ajiye kwafi a wani wuri dabam. Kwamfutar ma akwai jabu: kwali ya ce batir kaza, ƙwaƙwalwa kaza, har cikin saitin an gyara ya yi ƙarya. Kada ka yarda da rubutu. Zauna a shagon, ƙure hasken, kunna bidiyo na rabin awa ka ga yadda caji ke sauka da yadda bayanta ke zafi. In mai shago ya fara gaggauta ka, tashi. A rubuta lambar na'urar a rasit. 'Yar gwanjo kuwa a taɓa kowace kusurwa ta gilashin, don wani gefen kan mutu ba a gani. Abin ajiyar caji ma ɗaga shi ka girgiza, an sha samun wanda aka cusa wa yashi don ya yi nauyi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai cewa zai "loda" maka bidiyon lafiya kyauta. Na ga wanda aka cakuɗa da tallar maganin da ke warkar da ciwon suga da hawan jini a kwalba ɗaya. Duk abin da za a nuna wa mara lafiya, ma'aikacin lafiya ya kalle shi daga farko har ƙarshe, mai harshen kuma ya saurara. Fulatancin da na'ura ta fassara, kai wa dattijuwar ruga ta ji tukuna. In ta yamutsa fuska, goge shi ku sake naɗa.

Ƙawar tawa ta ce Asabar za ta shigo Gombe. Na ce ta biyo ta gidana mu tafi tare, da filashina a jaka.