Na kai 'yata allurar HPV a asibitin unguwarmu, ga abin da na gani

Ranar Talata na kai 'yata mai shekara 9 ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarmu nan Kaduna aka yi mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, wadda ake ce wa allurar HPV, wato sunan ƙwayar cutar da ke jawo sankarar. Kyauta ce, ko kuɗin kati ba su karɓa ba, kuɗin keke kawai na kashe.

Gaskiya kafin mu kai ga zuwa an sha fama a gida. Tun lokacin da aka shigo da allurar Kaduna a 2024 ana bi makarantu ana yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, maigida ya ce shi fa bai yarda ba don ya ji ana cewa tana hana haihuwa, kuma me ya sa mata kaɗai, kuma me ya sa kyauta alhali ko farasitamol sai ka saya. Ban ga laifinsa ba wallahi, wanda ya ji labarin gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996 dole ya yi tambaya. Amma ni gwaggona wannan ciwon ne ajalinta, jini ya yi ta zuba ana cewa sammu ne ana jiƙe-jiƙe, sanda aka kai ta asibiti abu ya riga ya ci jiki. Shi ya sa na nace har ya ce to mu je tare ya ji da kunnensa.

Sistar da muka samu ita ce ta sa nake wannan rubutun. Ba ta yi mana tsawa ba, ba ta nuna mana mu jahilai ne ba. Ta ce "Alhaji zauna, tambayi duk abin da ke ranka." Ta yi bayanin cewa ƙwayar cutar ta hanyar saduwa ake ɗauka, kuma mace ko mijinta kaɗai ta sani tana iya samu, namiji na ɗauke da ita bai ma sani ba, sai ta yi shekaru a jiki shiru kafin ta koma sankara. Shi ya sa ake yi wa yarinya tun kafin aure, don allurar kariya ce, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. Ta ɗauko kwalbar daga akwatin sanyi ta nuna mana, Gardasil sunanta, ta ce nau'i biyu na ƙwayar, 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na ciwon kuma duka allurar ta rufe su. Da ya kawo maganar haihuwa sai ta ce cutar ce ma ke sa a cire wa mace mahaifa, ita kuwa allurar tsare mahaifar take yi. Nan na ga jikinsa ya yi sanyi.

Sau ɗaya ake yi, a damtse. Sun ce mu zauna minti 15 kafin mu tafi. Hannun ya ɗan yi mata tsami da dare, washegari ta tafi Islamiyya abinta.

Abin da bai yi min daɗi ba, benci biyu ne kawai ga masu awo ga masu jarirai duk layi ɗaya, mun kusa awa biyu a tsaye. Kuma babu ko takarda ɗaya da Hausa da mutum zai kai gida, da akwai da na kai wa surukata don har yanzu ba ta huce ba. Ni ma sistar ta ce in dawo a duba bakin mahaifata tunda na wuce shekarun allurar, na sa ranar Alhamis mai zuwa in sha Allah.