Raspberry Pi 4 a matsayin rumbun finafinan gida: da kyau, in an ba ta wuta

Raspberry Pi 4 kwamfuta ce da ba ta fi tafin hannu ba, ta fito a 2019. In aka ɗora mata manhajar Jellyfin, wadda kyauta ce, sai ta riƙa raba finafinai, karatuttukan malamai da hotunan biki zuwa wayoyi da talabijin ɗin gida ta rauta, ba tare da an ƙona data ba. Mai RAM 4GB ta isa, kai har mai 2GB ma tana yi. Sayen mai 8GB don wannan aiki asarar kuɗi ce, gara a zuba rarar a kan wuta da ma'ajiya.

Wuta ce ke kayar da yawancin masu haɗa ta a nan Gombe. Tana son caja USB-C mai volt 5 da amp 3 cif. Cajar waya ta bakin titi ba ta cika wannan alkawari, sai na'urar ta rage gudu, ma'ajiya ta riƙa ɓacewa tana dawowa. Umarnin vcgencmd get_throttled, in aka rubuta mata shi, zai tona asiri: in bai nuna 0x0 ba, an samu ƙarancin wuta ko zafi. Ɗauke wuta kuwa shi ke lalata katin memori, musamman in ana cikin rubutu a kansa. Don haka a ɗora Raspberry Pi OS Lite, babbar manhajar da ke tafiyar da ita, a kan SSD (ma'ajiya marar faifai mai juyawa) ta amfani da manhajar Raspberry Pi Imager, a tashe ta daga ramin USB mai launin shuɗi, sannan a jona ta tare da rautar a layin inbata ko sola. Da wuya cinta ya haura watt 7, batir ba zai ji a jikinsa ba. A yi hattara da ƙananan UPS na rauta, wato baturan da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, da yawansu amp 2 kawai suke bayarwa a volt 5.

Duk ramukan USB ɗin huɗu amp 1.2 suke rabawa tsakaninsu. SSD ɗaya lafiya lau. Babban faifai mai juyawa kuwa, a nemo mai nasa filogin. A tsara shi da ext4, tsarin ajiya na Linux, domin NTFS na Windows na cin ƙarfin na'urar, kuma a saka kalmar nofail a layinsa cikin fstab, fayil ɗin da ke lissafa ma'ajiyoyin da za a haɗa wajen tashi, in ba haka ba ranar da faifan bai amsa ba na'urar za ta maƙale wajen tashi.

Zafin Maris da Afrilu ba abokin wasanta ba ne. Da zafin jikinta ya kai digiri 80 take fara ja da baya. Akwatin roba rufaffe bai dace ba. Na alminiyam marar fanka ya fi kwanta mana a rai, tunda fanka ƙurar hunturu take zuƙowa, ga ƙara da dare.

Rauninta na gaskiya shi ne sauya tsarin bidiyo ana cikin kallo. Fim ɗin da waya ko talabijin ba ta gane tsarinsa ba, Jellyfin zai yi ƙoƙarin juya shi nan take, sai hoto ya riƙa tsayawa. Maganin shi ne a fara juya irin waɗannan a kwamfuta da manhajar HandBrake zuwa MP4 mai H.264 da sautin AAC. Da an yi haka, mutum uku ko huɗu za su kalli 1080p lokaci guda, muddin an haɗa ta da rauta ta kebul, ba Wi-Fi ba. A kafe mata adireshi ɗaya a rautar, a shiga Jellyfin ta ƙara lamba 8096 a ƙarshen adireshin.

Raspberry Pi 5 ta 2023 ta fi gudu, amma tana neman caja mai amp 5 da fanka. Mai tarin finafinan 4K da tsohuwar talabijin gara ya nemi ƙaramar kwamfuta 'yar gwanjo mai Intel.