Dahuwar kayan teku ta kudancin ƙasar Amurka: ta Luwiziyana ko ta Karolina?

Hajiya, kin tambaya wacce ta fi dacewa ki yi wa mutum 12 da za su taru a gidanki, dahuwar jihar Luwiziyana ko ta gaɓar tekun jihohin Karolina ta Kudu da Jojiya, tunda duka biyun tukunya ɗaya ake zuba kayan ruwa da dankalin turawa da masara a ciki. A ido sun yi kama, amma a wajen mai girki sun sha bamban.

Ta Luwiziyana ta dogara ne galibi ga kurofish, wata 'yar halittar ruwan daɗi mai hannaye irin na kunama, wadda ake kiwonta a gonakin shinkafa. Kada ki ɗauka shi ne busasshen kirefish da muke daka wa miya, domin wancan ƙananan jatan lande ne. Da ransa ake sayensa, a buhu mai nauyin kilo 14 zuwa 16, kuma ya fi samuwa daga watan Maris zuwa Mayu. Naman cikinsa kaɗan ne, shi ya sa ake ware wa kowane mutum kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Ruwan dahuwar kuwa ana cika shi da gishiri da jan barkono da tafarnuwa da albasa da lemon tsami da haɗin yaji irin na kamfanin Zatarain's, har sai mai ɗanɗanawa ya ga kamar an wuce gona da iri. Sirrinta yana cikin jiƙo: bayan kurofish ya tafasa na 'yan mintuna sai a kashe wuta, a bar shi cikin ruwan minti 15 zuwa 30 domin yajin ya ratsa ɓawonsa mai tauri ya kai ga nama. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ci nama salam alhali ruwan tukunya na ƙuna da yaji.

Ta Karolina, wadda ake kira da sunan ƙauyen Frogmore da ke tsibirin Saint Helena kusa da garin Beaufort, yankin al'ummar Gullah masu tsatson Afirka ta Yamma, jatan lande ne ginshiƙinta, wani lokaci a ƙara kaguwa. Yajinta mai sauƙi ne, galibi wani haɗin yaji mai suna Old Bay, wanda ƙamshinsa ya fi zafinsa. A nan ba a jiƙo ko kaɗan, domin jatan lande minti biyu zuwa uku yake buƙata. Da zarar ya yi ja ya lanƙwashe sai a tsame, in ba haka ba ya zama kamar roba, ɓawon kuma ya manne. Saboda haka tsarin zubawa shi ne komai: dankali ya fara yin minti 15, sosej da masara su biyo baya na minti bakwai, jatan lande ya shiga a ƙarshe. Sai a tsiyaye ruwan, a juye kan tebur da aka shimfiɗa wa takarda, kowa ya sa hannu.

Ni dai ta Karolina zan zaɓa miki, musamman da akwai yara da tsofaffi. Kurofish mai rai yana da wuyar samu in ba a kudancin ƙasar Amurka ba, yana buƙatar ƙatuwar tukunya da murhun gas a tsakar gida, kuma duk wanda ya mutu kafin dahuwa dole a yar. Jatan lande kuwa ko daskararre ne yana yi, in dai da ɓawonsa kika dafa. Kilo uku zai ishi mutanenki, da dankali kilo uku, da masara goyo 12 a raba kowanne biyu, da sosej kilo ɗaya da rabi. Idan masarar irin tamu ce ta gida, ta fi ta can tauri, sai ki sa ta tare da dankalin.

Abin da ya kamata ki kula da shi a duka biyun shi ne sosej ɗin da suke sawa na alade ne, wasu kuma suna tsiyaya giya a ruwan. Ki nemi na naman shanu ko na talotalo mai ƙamshin hayaƙi wanda kika tabbatar da halascinsa, ki ƙara lemon tsami a madadin giyar. Masu son zafi a cikin baƙinki kuma, ki narka musu man shanu da tafarnuwa da garin barkono a kwano daban, su riƙa tsomawa.