Land Cruiser 80 da ta daɗe a ajiye

Ga mai bin rairayin Maigatari ko taɓon fadamar Haɗejia, Land Cruiser 80 mai injin dizal samfurin 1HZ ba ta da na biyu. Amma wadda ta shekara biyu a rumfa, kada fentinta ya ruɗe ka.

Kada a tayar da ita sai an zubar da tsohon dizal, domin ruwa na taruwa a tanki ya lalata famfon mai, gyaransa kuwa akwai tsada. A canja baƙin mai, filta, man birki da bel ɗin tayimin, roba na tsagewa ko motar ba ta motsa ba. A duba tsufan tayoyi ma: a gefen taya, lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT su ne mako da shekarar ƙira. Ɓeraye ma suna cinye wayoyi, bakanike ya duba.