GARGAƊI: mai sayar da filogin tarakta a WhatsApp, ku kiyaye shi

'Yan uwa na Gadarif da kewaye, wallahi raina a ɓace yake. Jinai dubu 160, kuɗinmu na Sudan, mutumin nan ya ci min, dubu 160, a kan filogi huɗu, ga damina ta kama kowa na shirin shukar dawa da riɗi ni taraktata na tsaye.

Massey Ferguson 35 ce mai fetur, silinda huɗu, ta Baba ce tun da can, injin ya fara misin yana tari in an ɗora masa garmar disk. Kuma kada wani ya ce ban san aiki ba, ni da kaina na bi wayoyin filogi ina cirewa ɗaya ɗaya injin na tafiya, da na cire ta uku sautin bai canza ba, na san nan matsalar take. Wannan ɗin na faɗa masa ya ce min "Alhaji ai kai makaniki ne, turo min ƙarar injin a voice." Na tura. Ya ce filogi ne, yana da na kamfanin NGK na asali. Wannan "Alhaji ai kai makaniki ne" ita ke ta dawo min a kai, har da sallama da tambayar iyali, wa zai zarge shi?

Kayan sun zo a kwali mai kyau. Na goga babban yatsa a farin jikin filogin, rubutun ya fita kamar alli, washa kuma tana faɗowa da kanta. A'a, wannan daga baya ne ma, sai da na ɗaura tukuna, rabin yini bai yi ba farin filogi biyu ya tsage. Kuɗin kuwa tun kafin ya aiko na tura ta manhajar banki ta Bankak, dubu 160 cif.

Da na kai wa Kawu a Sina'iyya, unguwar makanikai, ya duba tsohon filogin na uku, baƙi ne jiƙe da fetur, wuta ce ba ta isa gare shi, murfin distirbuta ne ya tsage. Tsofaffin filogina lafiyarsu ƙalau!

Yanzu ya yi blokin ɗina. Sikirinshot na hirarmu da rasit duk suna nan, zan ɗora da dare.

Kada ku biya kafin ku riƙe kaya a hannu, ku je da tsohon filogi ku gwada tsawon zarensa da lambarsa. Duk wanda shi ma ya tura wa mutumin nan kuɗi ya neme ni ta inbox.