Dare ɗaya a gidan anju na Hongdae: sharhin wanda ba ya shan giya

Wata bakwai na yi a Seoul ina zille wa wannan gayyata. Duk Juma'a abokan karatuna sai sun ce in biyo su i-cha, wato zagaye na biyu, wurin da ake komawa bayan an gama cin abincin dare. Ranar da muka kammala jarrabawa dai uzuri ya ƙare mini, ga ruwan sama ana ta shekawa, na bi su.

Wurin yana hawa na biyu a wani lungu na unguwar Hongdae, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Jami'ar Hongik. Mashaya ce, amma kicin ɗinta ya fi na gidajen abinci da yawa. Koriyawa ba sa shan giya gayarta. Dole da abin rakiya, wanda suke kira anju, kuma a irin wannan wuri ba a zama a ce abin sha kaɗai ake so. Wannan ya yi mini daidai, don ni cikina na kawo.

Mu shida ne. A gefen tebur akwai ɗan maɓalli, ka danna ƙararrawa ta yi ƙara, yaron gidan ya iso da gudu. Abin da ya fara sauka shi ne haemul pajeon, kuma saboda ita kaɗai ma zan iya komawa. Wainar fulawa ce mai faɗin faifai, an jera lawashi dogo-dogo a ciki, da jatan lande da sauran naman teku, an fasa ƙwai a sama. Gefenta ya soyu ƙaras-ƙaras, tsakiyar kuma da laushi. Ba a yanka ta da wuƙa, kowa yagar rabonsa yake yi da tsinken cin abinci ya tsoma a ruwan waken soya mai ɗan tsami da barkono. Wai ranar ruwa ake cin ta, domin ƙarar ruwan sama da ta mai a kasko ɗaya ce. Na saurara, ban ji kamar ba, amma na ci yanki huɗu.

Odeng-tang, romon niƙaƙƙen kifi da aka soke a tsinke kamar tsire, ya zo a kan ƙaramin risho yana tafasa har muka tashi. Masara da cuku kuwa zaƙi ya yi mata yawa, cokali biyu na ajiye.

Inda raina ya ɓaci shi ne dubu kimchi. Dubu awara ce, irin tamu ta waken suya, sai dai dafa ta ake yi a yanka fala-fala. Na tambayi yaron har sau biyu ko da naman alade, ya ce babu. Da farantin ya iso, sai ga yanka-yankan naman nan cikin kimchin, wato kabeji mai tsami da yaji da ake haɗa awarar da shi. Allah ya taimake ni wata abokiyar karatunmu ta gani kafin in kai baki. Da aka yi masa magana cewa ya yi ai ɗan kaɗan ne, don ɗanɗano. Sun ɗauke, sun kawo naɗaɗɗiyar wainar ƙwai a madadinsa ba su caje mu ba. Musulmin da zai shiga irin wurin nan ya riƙe kalmar dwaeji-gogi, wato naman alade, ya kuma duba da idonsa.

Abin sha, ni ɗan kallo ne. Soju, giyar da suka fi sha, na zuwa a koriyar kwalba mai mililita 360, won 5,000 na kuɗin Koriya kowace. Makgeolli, giyar shinkafa, fara ce kamar nono, a buta ake kawo ta a zuba a ƙananan kwanoni. Ni Chilsung Cider na sha. Sunan ya tsorata ni da farko, ashe lemo ne zalla irin su Sprite. Abin da ya burge ni ladabin zubawa ne. Ba ka zuba wa kanka, na kusa da kai ke cika maka, ka karɓa da hannu biyu, ƙarami kuma ya kau da kai gefe in zai sha a gaban babba, kamar mai kunyar suruki. Babbanmu a ɗakin bincike haka ya riƙa cika mini kofin lemo duk dare, bai taɓa cewa in ɗanɗana ko kurɓi ɗaya ba.

Daga ƙarfe goma sha ɗaya wurin ya koma wani abu daban. Wasannin shan giya, ihu, buga tebur, sai ka kai baki kunnen mutum zai ji ka. Hayaƙin taba dai babu, tun 2015 aka hana sha a cikin gidajen abinci. Banɗakin kuma a waje yake, kan matakala, ga sanyi ga layi.

Kuɗi aka raba daidai wa daida, kusan won 25,000 kowa, ni mai lemo biyu har da biyan kwalabe tara da ban taɓa ba. Ban ce uffan ba. Muna fitowa jirgin ƙarshe ya wuce, tasi kuma tsakanin sha ɗaya zuwa biyun dare ƙarin kashi 40 take yi. Na tsaya ƙarƙashin rumfar wani kanti kusan rabin awa ina jiran bas ɗin dare, rigata sai warin soyayyen lawashi take.